Akwatin Mzee Wafula

"Shigo mana, Mama Wangeci, hulunan ba sa cizo," in ji Mzee Wafula, dattijon maƙwabcinta, daga kan gado.

Ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu. Shekara ashirin da biyu suna maƙwabtaka a unguwar Kaloleni, famfonsu ɗaya, igiyar shanyarsu ɗaya, amma ba ta taɓa sa ƙafa a ɗakin nan ba. Yau dole ce ta kawo ta. Kwana huɗu ke nan tsohon bai tashi ba, 'ya'yansa kuma suna can Bungoma.

Bangon duk hulunan 'yan sanda ne, da kulake, da usur, da ankwa masu tsatsa, kayan zamanin da 'yan fashin banki suka addabi Nairobi. Shi kuwa bai taɓa sa kaki ba. Sau uku yana zuwa wurin ɗaukar 'yan sanda aiki ana koro shi, wai tsawonsa bai kai ba. A ma'aikatar jirgin ƙasa ya ƙare, duk Asabar yana kasuwar Gikomba yana tsintar kayan aikin da aka hana shi.

Ita ma ta san hulunan. Masu irinsu ne suka ɓalle mata ƙofa tana da cikin wata bakwai, suka farke katifa, suka kwashe duk hotunan mijinta Gathogo. Direban tasi ne, ya ja wa 'yan fashi mota, aka harbe shi a ƙofar banki. Da ta ƙauro Kaloleni, hatsarin mota ta ce wa kowa, har da 'yarta Wangeci.

Ya kurɓi kunun ya yamutsa fuska. "Ba sukari? So kike ki kashe ni kwanana bai ƙare ba?"

"Likita ya hana."

"Likitan nan komai ya hana ni, ban da mutuwa." Ya yi tari mai tsawo. "Jawo min akwatin da ke ƙarƙashin gado."

A can ƙasan akwatin akwai wata takarda cikin leda, ta yi jajaja don tsufa. Sanarwar 'yan sanda ce, fuskoki uku, ana nemansu ruwa a jallo. Na tsakiyar yana sanye da rigar da ita da kanta ta ɗinke wa wuya. Shekara arba'in da huɗu rabonta da fuskar nan. Ta zauna a ƙasa.

"A ina ka samo wannan?"

"Gikomba, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ina ganinsa na ga Wangeci, har goshin."

"Duk shekarun nan ka sani? Kana kallona ina maka ƙarya, kana gyaɗa kai?"

"Sirrinki ne, ba nawa ba. Na kasa rataye shi, na kasa ƙona shi, na kuma kasa ba ki. Tsoro nake ki daina gaishe ni."

"Ashe mijina ma kayan tarinka ne," ta ce. Ta fice da takardar, ko kwanon ba ta ɗauka ba.

Kwana biyu ba ta leƙa shi ba. Wata maƙwabciyarsu, matar tela, ce ke kai masa abinci. Ita tana ɗaki tana kallon Gathogo, tana jin tarin tsohon ta bango. A rana ta uku fushin ya sauka. Ta dama kunu da safe, ta zuba sukari cokali biyu, tana ta shirya abin da za ta ce masa.

A bakin famfo ta haɗu da matar tela, zaninta a kan baki.

"Yanzun nan ya cika, Mama Wangeci. Ko jikinsa bai huce ba. Jiya sai tambaya yake ko ƙalau kike."

Ba ta saki kwanon ba. Ta shiga ta zauna a gefen gadon, ta gyara masa bargo, ta ce, "Mzee, na zo." Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi.

Ran Juma'a 'ya'yansa suka zo da ƙaramar bas. Babban ya dubi bangon ya girgiza kai. "Baba da tarkace!" Suka zuba komai a buhunan masara, suka ɗaure su a saman mota, kusa da akwatin gawar.

Motar ta tashi a hankali. Duk ramin da ta faɗa, sai ƙarafan cikin buhu su yi ƙara. Mama Wangeci ta tsaya a bakin titi tana saurare, har motar ta karya kwana, har ƙarar ta ɓace cikin hayaniyar gari.