Ragon Suna Ya Iso, Uba Yana Hanya

Kamiyon, babbar motar kaya, ya kwashi katangar sito kafin direbansa Halidu ya farka. Buhunan hatsi suka zubo, matan da ke layin sadaka suka watse suna salati. Ba wanda ya ji ciwo, amma Alhaji Idrisa, mai kamfanin sufurin, ya fito daga biro, wato ofishinsa, fuska a murtuke.

Tun lokacin da fari ya koro mutanen karkara zuwa Yamai, Alhaji ya ɗauki alkawarin raba hatsi kyauta da sunan kamfani, har aka yabe shi a rediyo. Direbobi ne ke biyan yabon da barcinsu. Su sauke kayan 'yan kasuwa, su juya ɗauko hatsi, ba hutu ko na Lahadi.

Alhaji ya miƙa hannu a ba shi makulli. Ya ce ba ya aiki da mai gyangyaɗi bisa sitiyari, Halidu ya nemi wani wurin.

Sai wata mace da goyo ta ratso mutane ta durƙusa. Ramatou ce, matar Halidu. A ƙasa ta tako daga unguwar Boukoki, ko arba'in ba ta yi ba.

"Alhaji, ba hatsi na zo karɓa ba. An ce nan kaɗai ake ganin mijina."

Alhaji ya ɗan daburce, ya ce ai ya aika musu da ragon suna, ƙosasshe ma. Ta ce rago ya iso, Allah ya saka da alheri, sai dai ranar uban yaro yana hanyar Tawa da hatsi, maƙwabci ne ya tsaya wa liman.

Halidu ya leƙa goyon. "Wa aka sa masa?"

"Abdu."

Alhaji ya daɗe yana kallon katangar da ta rushe. Sannan ya mayar wa Halidu makullin, ya ce ya tafi gida sai ya ƙoshi da barci da ɗansa, aikinsa na nan. Daga yau kuma direbobi su riƙa karɓa-karɓa, ko da rabon zai ragu.

Halidu bai kai ƙofa ba jif ɗin soja ta tare ta. Wani laftana da ba wanda ya sani ya diro, ya ƙare wa kamiyoyin kallo.

"Gwamnati na bukatar motocin nan. Wane ne direban da ya san hanyar Agadas?"

Duk idanu suka koma kan Halidu.