Ƙugiya a Kan Kasa

Duk gidan jaridar nan babu wanda Mai Taswira ta raina kamar editan harshe, kuma wannan ba ƙaramin matsayi ba ne, domin kowa ma ta raina shi. Ta raina masu ɗauko labari da ke kiran aikinta "hoton nan naki mai motsi". Ta raina manajan da ya taɓa tambayarta ko za a iya buga taswirar a takarda yadda mutum zai riƙa danna ta. Amma editan harshe nasa rainin na musamman ne. Ƙugiya ake ce masa a bayan idonsa, saboda aikinsa a duniya ɗaya ne: ya bi labari baƙi bayan baƙi yana farautar inda aka rubuta k a wurin ƙ, ko d a wurin ɗ, ya maƙala ƙugiyar, sannan ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda ya ceto rai. Har takardar da aka manna a bayi mai cewa "a rufe kofa" sai da ya bi ta da jan biro.

Ita dai ta gama yanke shawara, barin gidan za ta yi. Wani sabon kamfani da ba ya yin komai sai labarai masu zane da taswira yana neman mutum ɗaya, kuma sun kira ta ganawa da safiyar nan. Abin da za ta nuna musu a shirye yake: taswirar asibitocin ƙasa, wadda in ka taɓa unguwa da yatsa sai ta faɗa maka ko akwai ungozoma a wurin, in babu kuma ta ja maka layi zuwa inda mai naƙuda za ta je ta same ta. Ba ta taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba, ta kuma san haka.

Wahalar ba a zanen take ba, a Rumbu take. Haka suke kiran manhajar da ake ɗora labarai a cikinta, tsohuwa mai taurin kai da ke tofar da duk abin da ba rubutu ba. Taswirar a wani wuri take ajiye, layi ɗaya na baƙaƙe da alamomi ake liƙawa a tsakiyar labarin, shi ke kiran ta ta fito. A cikin layin akwai adireshinta: asibitocin-kasa. Ba ƙugiya, don haka ta sa wa wurin suna tun farko, kuma na'ura ba ta san afuwa ba, baƙi ɗaya ya canza ta ce ba ta san gidan ba.

Tana haɗa jakarta mai ɗaukar hoto, maƙwabciyar teburinta, ta leƙo.

"Labarin ta hannun Malam Ƙugiya zai bi kafin ya fita fa. Kin ce masa kada ya taɓa layin?"

"In tsaya in yi wa wannan bayani?" Mai Taswira ta taɓe baki. "Mutumin da ke danna linzamin kwamfuta da hannu biyu? Yana ganin alamomi zai tsallake, tsoronsu yake ji."

"To, Allah ya sa."

Ta ce wa manaja haƙori ke damunta, ta fita ba ta ko kalli kusurwar da Ƙugiya ke zaune ba, tabarau a kan hanci, hancin a kan allo.

Ofishin sabon kamfanin gilashi ne ko'ina, ga sanyi, ga wani ƙaton allo a bango. Shugabar wurin mace ce mai magana ƙasa-ƙasa, ba ta ɓata lokaci a gaisuwa ba.

"Zane kowa na yi yanzu," in ji ta. "Mu wanda zai dasa shi a cikin labari ya kama muke nema. Kina da wanda ya fita?"

"Yau ɗin nan ma," Mai Taswira ta ce, tana jin daɗin tambayar har cikin ranta. "Ki buɗe shafinmu."

Aka buɗe. Kanun labarin ya fito, sakin layi na farko, na biyu, kowane ƙ da ɗ da ɓ zaune da ƙugiyarsa tsaf. A ƙasansu kuma, inda taswirar ya kamata ta shimfiɗu, wani farin fili ne fetal, da ɗan rubutu a tsakiya mai cewa ba a sami shafin ba.

Mai Taswira ta sake duba allon. Ta ciro wayarta ta shiga Rumbu, ta gangara zuwa layin. Ga shi nan yadda ta bar shi, alama ba ta gusa ba, sai baƙi ɗaya: asibitocin-ƙasa. A saman labarin kuma an rubuta cewa editan harshe ya duba ya kulle. Shi kaɗai ke iya buɗewa.

"Taswirar lafiyarta lau," ta ce da sauri. "Bari in buɗe miki ita kai tsaye, ki gani da idonki. Wani tsoho ne a wurinmu ya sa wa adireshin ƙugiya. Wai gyara yake."

Ta yi 'yar dariya, tana jiran shugabar ta taya ta. Ba ta taya ta ba.

"Na yarda tana da kyau. Kin gaya masa kada ya taɓa?"

"Ai ba zai gane ba."

"Kin gwada?"

Mai Taswira ta mayar da wayarta cikin jaka.

"A nan kowane aiki sai ya bi ta hannun mutane da yawa, kuma rabinsu ba su san layin dasawa ba," shugabar ta ce, tana kashe allon. "Mun gode da zuwa, Malama. Ki gaida gida."

A hanyar komawa ba ta ga titi ba, ba ta ga mutane ba. Zagi kawai take jerawa a zuci, tana zaɓen wanda zai fi yi masa ciwo. Mutumin da bai taɓa ƙirƙirar komai ba, ya zauna ya ƙare rayuwarsa yana lanƙwasa kan baƙaƙe, shi ne yau ya rufe mata ƙofa da ƙugiya ɗaya!

Tana shiga ya ɗago, fuskarsa fal fara'a.

"A'a, 'yata, yaya haƙorin? Zo ki ga abin da na tsamo miki. A cikin tarkacen alamomin nan naki kika ɓoye shi, kin ɗauka ba zan shiga ba. Asibitocin kasa! Kasa ai macijiya ce. Asibitin macizai muka buɗe?" Ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai. "Da ya fita haka da mun sha kunya."

Zagin da ta jera duk ya watse. Ta dubi ɗakin: fankar da ke kuka, manaja yana sakace, teburinta da ta riga ta yi wa bankwana a zuci. Nan za ta kwana, nan za ta tashi. Taswirar kuma tana can a mace, masu karatu na shiga suna tarar da farin fili.

"Malam, ka buɗe mini labarin. Ƙugiyar nan cire ta za a yi."

Fara'ar ta ɗauke. Ya sauke tabaran, ya ninke su a hankali.

"Cire ta? A mayar da kuskure da gangan? Ban taɓa yi ba. Sai kin fahimtar da ni dalili, dalla-dalla, don ni ba na sa hannu a abin da ban gane ba."

Mai ɗaukar hoto ta sunkuyar da kai tana duba abin da babu a cikin jakarta. Mai Taswira ta ajiye tata jakar, ta jawo kujera tana ƙara a kan siminti har gaban teburinsa, ta zauna.

"To, Malam," ta ce. "Ka san abin da ake kira adireshi?"

"A'a," in ji shi, yana gyara zama. "Fara daga farko, ai muna da lokaci."