Ƙarƙashin Baƙin Fenti

Auta ya tsayar da a-kori-kurar a kan ramin gareji, inji bai gama mutuwa ba ya diro. Kwana huɗu ke nan da sayenta, jibi kuma zai fara jigilar kifi da ƙanƙara daga ɗakin sanyi zuwa kasuwa. Mai ɗakin sanyin ne ya ce ya je a fesa wa ƙasan motar baƙin fentin nan mai hana tsatsa, don ruwan kifi ba ya barin ƙarfe da rai.

Yaya ta fito ta ɗaya ƙofar a hankali, ta sami benci ta zauna. Filinta ta sayar aka sayi motar. Mijinta bai so ba. Ya ce wanda ya bar makaranta, ya bar ɗinki, ya bar gyaran waya cikin wata uku, mota ma barinta zai yi. Ita ta tsaya kai da fata. Sharaɗi ɗaya ta kafa wa ƙanenta, kada ya biya sai bakanike ya shiga ƙarƙashi ya duba. Auta ya ce an duba. Gaskiyar magana, shi ne ya durƙusa ya leƙa, ya ga ko'ina baƙi wuluk yana sheƙi, ya miƙe ya ce ya saya.

Mai Feshi gajeren dattijo ne, ba ya sauri a komai. Ya ɗauki tocila ya sauka ramin. Auta ya kewaya motar sau biyu, ya shuri taya, ya goge madubin da ba shi da datti.

"Direba," in ji muryar daga ƙasa. "Sauko ka ga amaryarka."

Ya sauka. Mai Feshi ya kafa farce a jikin ɗaya daga cikin dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da motar tun daga gaba har baya, ya ɓantaro fenti. Ya murza shi a yatsa, jar ƙasa ta zubo.

"Wannan feshin bai yi sati uku ba. Kuma a kan laka aka yi shi, ko wankewa ba a yi ba. Mutum biyu ke yin haka: malalaci, da mai ɓoye rami."

"In rami ne fa, Baba?"

"In a nan yake, ka ɗora mata ƙanƙara wata rana ta durƙusa maka a tsakiyar titi ta rabe biyu. Sai dai masu sayen tsohon ƙarfe."

Auta ya ɗaga kai. Daga inda yake tsaye yana hango ƙafafun Yaya a bakin ramin, ta taso daga bencin.

"Me bakaniken naka ya ce da ya ga wannan?" ta tambaya.

Ya buɗe baki. Ƙarya uku suka zo masa a jere, duk masu kyau. Ya haɗiye su.

"Babu wani bakanike, Yaya. Ni na leƙa."

Ƙafafun suka juya suka koma benci. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Mai Feshi ya rage murya. "In ka ce in fesa a kai, yanzu sai in fesa, kafin azahar kun tafi tana ƙyalli. Ni feshi aka kawo mini. In kuma kankarewa za a yi, yini guda ne, kuma abin da ya fito ya fito."

Auta bai taɓa son abin da ke cin yini guda ba. Ya dubi baƙin ƙarfen da ke saman kansa, ya tuɓe riga.

"Ba ni abin kankarar."

Aikin ba shi da daɗi ko kaɗan. Fentin yana ɓarewa a dunƙule, ƙasa na zubo masa a ido da wuya, buroshin waya na cin yatsunsa. Duk inda ya kankare kamu ɗaya, sai Mai Feshi ya biyo da ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa.

"Saurara. Lafiyayyen ƙarfe amsawa yake yi. Ruɓaɓɓe kuwa kamar ka bugi katifa."

Ƙarfen dama ya amsa tun daga gaba har baya. Ja ne, ya yi ƙuraje, amma yana ƙara tas. Auta bai yarda ya yi murna ba. Suka koma na hagu. Gaba lafiya, tsakiya lafiya. Da suka kai saman tayar baya, inda fentin ya fi ko'ina kauri, guduma ta sauka, ƙarfen bai amsa ba.

Mai Feshi ya sake bugawa. Dum.

Ya miƙa wa Auta sukundireba. "Motarka ce. Kai za ka soka."

Auta ya kafa tsinin ya danna. Ya shige har rabi ba tare da wata gardama ba. Auta ya runtse ido. Ya ga mijin Yaya zaune a tabarma yana gyaɗa kai, ba zai ma ce komai ba, ba ya bukata. Haushi ya sa ya murɗa sukundireban da ƙarfi, sai ga wani dunƙule kamar bulo ya ɓalle ya faɗo masa a kafaɗa ya tarwatse. Busasshiyar laka ce, da tsakuwa, da tsumma, har da ɓawon gyaɗar da ɓera ya tara.

Mai Feshi ya haska wurin, ya goge da buroshi, ya ɗaga guduma ya buga da ƙarfin da bai yi a baya ba. Ƙarar ta cika ramin.

"Malalaci ne," ya ce. "Ba ɓarawo ba ne. Ka ci sa'a."

Auta ya zauna daɓas a ƙasan ramin, cikin baƙin mai da laka, yana dariyar da ba ta fita sosai.

Amma ba a rasa lahani ba. Lakar ta cinye farantin ƙarfen da ke saman wurin, aka sami huji a ƙasan bodi wanda hannu zai shige. Mai walda na maƙwabta ya leƙo ya ce faci ne, aikin awa ɗaya. Aka yi. Aka wanke ƙasan motar da ruwa mai ƙarfi har sai da ruwan ya daina fitowa ja, aka tura ta rana.

"A fesa yanzu mana, Baba, ai ta sha iska."

"Ka fesa a kan danshi ka rufe tsatsa da abincinta a ɗaki ɗaya? Zauna."

Wurin zama ɗaya ne, bencin da Yaya take. Ya zauna can ƙarshe, yana kallon hannuwansa.

"Lafiyarta ƙalau, Yaya. Ƙashin bayanta bai taɓu ba."

"Na ji. Kunnena ƙalau." Ta dube shi sama da ƙasa. "Dubi kanka, kamar an tono ka." Ta ciro ruwa a jaka ta miƙa masa. Sai da ya shanye ta ce, "Da ta fito ruɓaɓɓiya, fili ne ya tafi, zan iya haƙura. Amma ka dube ni ka ce an duba. Wannan ban gama da kai ba."

"Na sani."

"Ba ka sani ba tukuna."

Da la'asar aka mayar da motar kan rami. Mai Feshi ya sa shi ya naɗe bututun salansa da birki da tsohuwar jarida, ya nuna masa ƙananan hujojin da ruwa ke fita ya ce kada fenti ya toshe su. Injin iska ya tashi. Shafi na farko siriri, aka jira ya kama, sannan na biyu. A na biyun dattijon ya miƙa masa bindigar feshin, ya riƙe masa gwiwar hannu don kada ya yi gudu.

"A nan za ta kwana," in ji Mai Feshi da aka gama. "Kada wanda ya taɓa ta sai gobe."

Suka fito bakin titi neman abin hawa. Masu mota biyu suka rage gudu, suka ga jikin Auta, suka ƙara wuta. Yaya ta ja tsaki.

"Matsa can baya ka ɓuya," ta ce, "in na tsayar sai ka fito."