Kofi Ɗaya, Ruwa Shida

Shekara goma sha ɗaya tana goge daɓen ɓangaren tiyata, haɗin bai taɓa canzawa ba: kofi ɗaya na bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, kofi tara na ruwan famfo. Inna Mai Goge-goge ake ce mata a asibitin. Ɗakinta wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, mai bokiti uku da kujerar da aka ɗaure ƙafarta da waya.

Ranar Litinin mai sito ya miƙo mata sabuwar jarka. Ta duba jikinta, inda ta saba ganin kashi biyar cikin ɗari, sai ta ga uku da rabi.

"Malam, wannan ba irin na da ba ne. Haɗin fa?"

"Inna, ni nawa bayarwa. Tambayi Sista."

Ta tarar da Sista, shugabar ma'aikatan jinya, tana tura gadon mara lafiya. "Rabin kashi ɗaya cikin ɗari ake so ya koma, ai kin sani," in ji ta, ba ta ko tsaya ba.

Inna ba ta sani ba, tara kawai ta sani. Ta yi aikin safe da ragowar tsohuwar jarka, sannan ta kira autarta da ke karatun haɗa magunguna a wani gari mai nisa. Wayar ta yi ta ringi har ta katse.

Da aka ba da hutun rana ta taka zuwa gida. Tun rasuwar maigidan da tafiyar yara, gidan ya yi mata yawa. Ta jawo kwalin littattafan Auta daga ƙarƙashin gado, ta yi ta buɗawa har ta kai kan na kimiyyar sinadarai. Haruffa da alamomin ba su ce mata komai ba, don a aji biyu na sakandare ta tsaya. Amma a gefen wani shafi yarinyar ta rubuta wa kanta da jan biro: maganin ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, ruwa ne kawai ke shimfiɗa shi.

Ta zauna a bakin gado tana juya maganar. In rabi ake so, rabi nawa ne a cikin biyar? Ta ƙirga da yatsu, goma. Kofin bilic ɗaya, na ruwa tara, goma ke nan. Ashe daga nan taran ta fito. To, a cikin uku da rabi fa? Bakwai. Ɗaya da shida.

Ta yi dariya, ta waiga wajen ƙofa kamar za ta gaya wa wani. Labule ne kawai ke motsi.

Ba ta yarda da kanta ba sai da ta koma asibiti ta bi layin tagar magani, ta miƙa wa mai ba da magani 'yar takardar da ta rubuta lissafin a kai. Ya duba ta saman tabarau.

"Daidai ne. Wa ya lissafa miki?"

"Ni."

"Madalla," ya ce, ya karɓi katin na bayanta.

Wajen la'asar, tana matse tsumma, Auta ta kira.

"Umma, lafiya? Na ga kiranki, ina aji."

"Lafiya lau. Ke, rabi nawa ne a cikin uku da rabi?"

"Umma ke nan. Ga mota ta zo, zan kira ki anjima."

Inna ta mayar da wayar aljihu, ta ƙarasa goge barandar har ƙurya. Kafin ta tashi ta aro maka, biron nan mai kaurin rubutu, a teburin ma'aikatan jinya, ta rubuta a jikin jarkar da manyan haruffa: KOFI 1, RUWA 6. Saboda mai karɓar aiki bayan ta tashi ne, wadda suka shekara uku suna amfani da bokiti ɗaya ba su taɓa haɗuwa ba. Ta ɗan tsaya da makar a hannu, sannan ta ƙara a ƙasa da ƙanana: sannu da aiki.