Toka da Fitilar Mba Awudu

Da hannuna na yi ta, Faridatu, hannun nan da kike cewa ko tuwo bai iya tuƙawa ba. Fitilar mota ce, ta yi fari fat kamar an watsa mata koko, na goge ta har sai da na ga haƙorana a ciki, 'yata Suhuyini tana goye tana barcinta. Tsaya in faro miki daga farko, don na san ko rasuwar Mba Awudu ba ki ji ba.

Kin tuna shi ai, tsohon da ɗakinsa ke kallon namu a gidan hayar nan na Changli, mai ƙaramar tasi da yake ajiyewa gindin mangwaro. Tun da na tare a gidan nake lura da wani abu. Kullum da safe matarsa Mma Zuwera, in ta gama wanke tukwane, sai ta kwashi ragowar toka da soso ta je ta dirje fitilun motar, tana yi tana motsa baki. Shi kuma duk bayan wata biyu ko uku, in ta tafi kasuwar Aboabo sayar da daddawarta, sai ya jawo kujera gaban motar ya yi ta wani aiki da ruwa a roba. Da ya ji takun mutum sai ya yafa tsumma. Na sha leƙe ta labule har wuyana ya ƙage, ban gane komai ba.

Wata uku da suka wuce ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya daina fita da motar. Mma kuwa ba ta daina dirza ba. Ran Litinin ta makon jiya, tana fita kasuwa sai ga shi ya dafo bango ya fito.

"Lariba, ajiye tsintsiyar nan. Hannunki yana da haƙuri?"

"Mba, mijina dai ya ce babu."

"Mijinki bai san hannu ba. Zo ki taɓa nan."

Na shafa fitilar. Kaushi, duk ta karce, ta yi rawaya, ko ƙwan da ke ciki ba a gani.

"Ba gilashi ba ne," in ji shi. "Roba ce. Motata ta da, gilashi gare ta, toka ba ta yi mata komai. Shekara ashirin Zuwera tana wanke waccan. Da na sauya wannan sai ta ci gaba. Shekara takwas ke nan."

"To ba ka gaya mata ba?"

"Ranar farko na zo zan gaya mata, sai na ji abin da take roƙa mini tana gogewa. Wai Allah ya haska mini hanya, ya dawo da ni. Sai na koma ɗaki na nemi hulata."

Ya huta, ya yi tari, sannan ya gaya mini abin da ke damunsa. Ran Juma'a ɗansu Mudasiru zai zo daga Kumasi ya tafi da motar. Kayan gyaran mota yake sayarwa a can, kallo ɗaya zai yi ya gane.

"Yaron nan bakinsa ya riga tunaninsa. A gaban mutane zai ce mata ita ke makantar da ni a hanya. Ba na so ta ji wannan, Lariba. Kafin Juma'a nake so su fito."

Ya sa na ɗauko wata leda ƙarƙashin kujerar direba. Takardun sanfefa ne iri uku, da lamba a bayansu: ɗari takwas, dubu ɗaya da ɗari biyar, dubu uku. Akwai salatif, da ɗan gwangwanin man gogewa, da tsohuwar singileti, da robar ruwa da aka huda murfinta da ƙusa. Ya ce in jiƙa takardun a bokiti tukuna, in zagaye fitilar da salatif kar in ci fenti. Na fara da ta hagu, da mai kaushin, a kwance, ina yi ina matsa ruwa.

Faridatu, minti biyar ba a yi ba fitilar ta koma fara gaba ɗaya, ta fi da muni. Na saki takardar.

"Mba, na ɓata maka."

"Ci gaba. Kar ya bushe."

"Amma ta yaya karce zai cire karce?"

"Kowace takarda tana cinye na babbar, ta bar nata ƙarami. Ta ƙarshe tana barin wanda ido ba ya kamawa. Yanzu sauya, ki yi a tsaye. In kin ga layin kwance ya ɓace, kin gama da wannan."

Ni da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, yau ga ni ina karanta lamba a bayan takarda kamar makanike. Suhuyini ta farka na ba ta nono, na dawo. Kwana biyu muka yi kan ta hagu, don shi ba ya iya zama da yawa, kuma bai yarda in taɓa ba ya nan. Da na shafa man na murza da singileti, na murza, sai ƙwan ya leƙo, sai ganyen mangwaro, sai fuskata. Na yi dariya har ya ce in rage murya. Kullum muka tashi sai mu rufe gaban motar da tsohuwar tabarma. Ya ce wa Mma ta huta da motar satin nan, ya sa ni ina kula da ita.

Ran Laraba muka kama ta dama. Na gama da mai kaushin ke nan, ta yi farin nan, sai ya ce numfashinsa ba ya kaiwa.

"Rufe. Gobe mu ƙarasa."

Ran Alhamis bayan sallar asuba ya ce wa Mma yana son koko. Kafin ta dawo da kofin, Allah ya yi masa cikawa. La'asar ta yi an riga an kai shi. Mudasiru bai iso ba sai da magariba, bai samu jana'iza ba.

Safiyar Juma'a gida cike, mata a tabarmi, maza a benci. Ni ina ta kewaya motar da ido, ina jiran mutane su ragu. Sai ga Mudasiru ya je ya yaye tabarmar.

"Wa ya yi wa fitilar nan haka?"

"Ni ce," na ce.

"Ke a wa? Kin san abin da kika lalata? Motar babana ce wurin wasanki?"

Mma ta ji, ta leƙo daga ƙofar ɗaki da mayafinta.

"Kar ka yi mata faɗa, babanka ne ya sa ta. Amma ni dai da nake wanke su da toka kowace safiya, ban taɓa ganin sun yi haka ba."

"Da me, Mma?"

"Da toka mana. Tun kana goye."

Na ga ya kalli fitilar, ya kalli uwarsa, ya ja numfashi. Ban san lokacin da na kwance zane na ɗora masa Suhuyini a hannu ba.

"Riƙe mini ita, Yaya Mudasiru. Ka ba ni zuwa la'asar. In ba ta fito ba ka zage ni a gaban kowa."

Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ta kama gemunsa ta riƙe gam. Mata suka ɗan yi dariya, maganar ta wuce.

Na tsuguna na kama aiki. Wata tsohuwa ta ce ba ta taɓa ganin mai wankin mota a gidan makoki ba, na yi kamar ban ji ba. Da maza suka dawo daga masallaci ina kan takarda ta uku. Mudasiru ya zo ya tsuguna gefena, ya ɗauki ledar yana juya guntayen sanfefa da suka cinye.

"Tun yaushe yake yi?" ya tambaya a hankali.

"Shekara takwas."

"Ita ta sani?"

"Ba ya so ta sani."

Ya ajiye ledar. Ya karɓi robar yana matsa mini ruwa. Kafin a kira la'asar ta fito tas, har ta fi ta hagu. Shi da yake sayar da su sai da ya shafa ta sau biyu.

Yau da safe, bayan addu'ar bakwai, Mudasiru ya sa jakarsa a but ɗin motar zai kama hanya. Sai ga Mma ta fito da kwanonta na toka da soso.

"Bari in wanke maka su, hanyar Kumasi da nisa."

Kwana huɗu na aikina ke nan za su tafi a banza. Na kalli Mudasiru. Ya buɗe baki, ya tsaya, sai ya ce, "To, Mma." Ya miƙo mini hannu ta baya, na sa masa ledar babansa, ya jefa ta cikin mota.

Ki gaya wa su Inna a Yendi su sa Mba Awudu a addu'a, ki ce wa mijinki kar toka ta taɓa fitilar babur ɗinsa. Amma duk mai zuwa Changli, rasuwar kawai za ki faɗa masa.

Na baro su a gindin mangwaro. Mma ta durƙusa tana dirzawa, bakinta yana motsi, Mudasiru tsaye a kanta da buta yana zuba mata ruwa kaɗan-kaɗan.