Ribas a Gaban Giwa

Shekara ashirin da bakwai Malam ya yi yana koyar da tuƙi, har ƙafarsa ta dama ta saba da taka birkin da babu shi. Ko a falo yake zaune, in jikarsa ta taho da gudu sai ka ga ƙafar ta danna kafet. Ɗalibansa suka laƙaba masa Malam Birki, sunan ya biyo shi har gida.

Burinsa tun yana yaro shi ne ya ga giwa da idonsa. Da ya ajiye aiki, babbar 'yarsa ta shirya masa zuwa gandun namun daji, shi da matarsa, ma'aikaciyar jinya da kowa ke ce wa Sista, da kuma yayarsa, wadda ta ce ba za a bar ta a gida tana gadin kaji ba.

Motar gandun doguwa ce, buɗaɗɗiya, kujeru layi uku, kowane layi ya ɗara na gabansa tsayi. Direban wani dogon magidanci ne mai sanyin murya. Ya gaya musu dokoki: ba a miƙewa tsaye, ba a fitar da hannu, ba a ɗaga murya. Kafin ya rufe baki Malam ya haye kujerar gaba.

Ba su yi tafiyar minti biyar ba ya fara.

"Ɗan'uwa, ƙafarka tana kwance a kan kuloci."

"Na'am, Malam?"

"Kuloci. Ba matashin kai ba ne. Ɗage ta."

Direba ya ɗage, ya nuna musu garken barewa a hagu. Malam bai gan su ba, domin a wannan gefen ne ya lura babu madubi, sai guntun ƙarfe. Na dama kuma an ɗaure shi da waya, sama kawai yake kallo.

"Ina madubin?"

"Gwaggon biri ya ɓalle shi shekaranjiya."

"Ka kai rahoto?"

"Na kai, Malam. Birin ne har yanzu ba a kama ba."

Yaya ta tuntsire da dariya a baya. Malam bai ga abin dariya ba. Da aka sha kwana ba sigina ya yi magana, da aka shiga rami ya yi tsaki, da wani mugun dawa ya gifta da wutsiya a miƙe ya taka birkinsa na banza har gwiwarsa ta bugi ƙarfe. Raƙumin dawa biyu suka wuce yana bayanin yadda ake riƙe sitiyari.

A bakin wani tafki, inda aka yarda a sauka a sha ruwa, Sista ta ja shi gefe.

"Malam, bawan Allahn nan shekararsa goma sha biyar a dajin nan. Ba jarrabawa muka kawo shi ba. Ka koma baya."

"Baya ina?"

"Can ƙarshe. Inda ba za ka ga ƙafarsa ba."

Ya koma, ransa a ɓace, ya zauna shi kaɗai a layin ƙarshe ya naɗe hannu kamar yaron da aka kora daga aji.

Daga tafkin hanya ta hau gefen wani tudu, ta tsuke, faɗin mota guda tak: dutse a dama, kwazazzabo a hagu. Suna cikin hawa direba ya tsaya cak. Malam yana sunkuye yana neman hularsa da ta faɗi ƙarƙashin kujera, ya ji direban ya ce a hankali, "Kowa ya yi shiru. Giwa ce da ɗanta, kuma hanyar nan suke so. Dole mu ja baya. Malam, ba ni da madubi, ba na ganin tayar baya. Don Allah ka duba mini."

Malam bai ma ɗago ya kalli gaba ba. Jikinsa ne ya yi abin da ya saba: ya durƙusa a kan kujera, ya juya baya, ya leƙa. Tsakanin taya da bakin kwazazzabo bai fi taƙi biyu ba.

"Sa ribas. Kada ka taɓa totur. Taho... taho... sitiyari dama kaɗan. Kaɗan na ce! Yawwa, miƙe."

Mota ta fara rarrafe da baya. Giwa ta biyo su, ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa. Malam yana jin ta. Yana jin ƙarar reshe in ta karya, da wani gurnani mai zurfi da ke ratsa ƙarfen motar har cikin cikinsa, da wari irin na garken shanu bayan ruwa.

"Wayyo, ƙanena," in ji Yaya da raɗa, "ka ga kunne kamar tabarma! Ga ɗan ma ya kama wutsiyar uwar!"

"Hagu kaɗan," in ji Malam.

"Malam, juyo ka gani, ko sau ɗaya," in ji Sista. "Har gashin idonta ake gani."

Zuciyarsa ta ja shi. Ya fara karkato wuya, sai ya ji tsakuwa na zuba ƙasa: tayar baya ta hau gaɓa.

"Tsaya! Gaba kaɗan. Dama duka. To, taho."

Bai sake gwadawa ba. Kusan minti ashirin suka yi a haka, gumi na ɗiga daga haɓarsa, muryarsa ba ta rawa, direba kuma yana bin umarninsa fiye da duk ɗalibin da ya taɓa koyarwa. Sai da hanya ta buɗe a gindin tudu Malam ya nuna wani fili, aka cusa motar ciki.

"Ta wuce, ta wuce!" in ji Yaya.

Malam ya yunƙura zai juya, wuya ya ƙi. Ya sage a karkace. Sai da ya juya jikinsa gaba ɗaya, kamar mai ɗauke da tulu, ya tarar da ciyawa na kaɗawa da wata 'yar wutsiya mai toka-toka tana shigewa duhuwa.

"Ke nan?" ya ce.

Direba ya kashe mota, ya zagayo da kansa ya riƙe hannun Malam da hannu biyu. "Wallahi, Malam, yau ka fitar da ni."

Malam ya so ya ce wani abu a kan totur, amma ya dubi fuskar mutumin, ya fasa, sai ya ce, "Ka iya tuƙi, ɗan'uwa. Ka iya."

A bakin ƙofar gandu Sista ta danna wuyan nan da yatsa, ya yi ƙara. Ta ce kwana uku zai yi kafin ya saki, ta miƙa hannu ta karɓi makullin motarsu. Ita ta tuƙa su gida. Malam na zaune a gefenta, fuskarsa a karkace wajen taga, ba ya ganin titi, ba ya ganin ƙafarta, sai gonaki da turakun lantarki. Yaya ta leƙo daga baya tana ba shi labarin giwar tun daga farko, kuma kowane zagaye kunnen sai ya ƙara faɗi. Sau biyu ya ji motar ta yi tsalle, ya buɗe baki, ya rufe. A na uku ya ce, "Yaya, ɗan fa? Tsayinsa ya kai ina?"