Shagon Tela a Tsallaken Titi

Kafin a faɗaɗa titin, tela yakan ce tsakanin shagonsa da gidansa ko takalmi ba ya buƙata. Yana kan kekensa zai hango matarsa ta fito da kwanon abincin rana, ta tsaya sun gaisa da mai facin taya, sannan ta tsallako. Idan ta ajiye kwanon a kan teburin yanka, sai ta ja aljihun rigarsa da ya yage tun bara, ta ce ya yi wa gari duka sutura, shi kuwa kamar kura ta yi wasa da shi. Shi kuma ya ce ai wanzami ba ya son jarfa.

Sai aka zo da manyan injuna aka mayar da titin layi huɗu, kwalta baƙa wuluk, sumul kamar an bi ta da dutsen guga. Da farko unguwa ta yi murna. Ba a daɗe ba aka gane cewa motocin da ramuka ke sa su rarrafe, yanzu wucewa suke kamar an harbo su. Awaki suka fara ƙarewa. Tsofaffi suka daina tsallakawa gaisuwa.

Ranar da abin ya faru yana haɗa wuyan wata riga. Ya ji doguwar ƙarar birki, bai ko ɗaga kai ba, don kunne ya riga ya saba. Mai faci ne ya faɗo shagon yana haki, yana nuna titi da hannu.

Matarsa ce mota ta buge, amma ba ta mutu ba. Likita ya ce ƙashin bayanta ne ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba za ta ƙara motsawa ba. Direban da ya buge ta dattijo ne mai furfura. Ya zo asibiti yana hawaye, ya rantse bai wuce gudun da doka ta yarda ba, 'yan sanda kuma suka ce gaskiya ya faɗa. Wannan ne ya fi yi wa tela ciwo. Da mashayi ne ko ɗan ganganci, da ya san wanda zai tsana.

Bayan an sallamo su, ya sa rigarsa ta fita ya tafi ofishin masu kula da hanyoyi. Jami'in da ya tarar mutumin kirki ne, ya ba shi kujera, ya jajanta masa. Sannan ya yi masa bayani a hankali cewa dokar ƙasa ta raba gudu gida biyu: a cikin gari a tafi sannu, a babbar hanya kuwa an yarda mota ta kai kilomita ɗari a awa. A taswirarsu gari daga gada yake farawa, unguwar tela kuma tana bayan gada.

"Ranka ya daɗe, a nan aka haife ni," in ji tela. "Muna da makaranta, muna da kasuwa, muna da maƙabarta. Me ya rage mu zama gari?"

Jami'in ya sunkuyar da kai. Ya ce zai kai maganar sama, a yi haƙuri.

Da haƙurin ya yi tsawo, mazan unguwa suka kwaɓa siminti suka yi tudu a kan titin. Motoci suka fara lafawa, har wata tsohuwa ta tsallaka ta je duba jikarta. Mako bai zagayo ba aka turo katafila ta kankare shi, aka ce haramun ne a sa tudu a hanyar ƙasa, aka kuma gargaɗi mai unguwa. Tela ya ɗinka jar tuta da guntun yadi, ya riƙa tsayawa bakin kwalta yana kaɗawa lokacin tashin makaranta. Da farko direbobi sun ɗauka hukuma ce, suna taka birki. Da suka gane shi, sai su danna masa oda su wuce, wani ma ya leƙo ya kira shi mahaukaci. Ranar da aka buge wani malamin makarantar a gaban idonsa, tutar tana hannunsa. Ya naɗe ta ya koma gida.

Ya rufe shagon, ya dawo da keken cikin ɗaki kusa da gadonta. Ya koyi juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ya koyi yi mata wanka da taje kai. Ita da bakinta ba ya hutawa da zolaya, yanzu sai ta wuni tana kallon silin, idan babbar mota ta wuce taga ta girgiza, ta runtse ido.

'Yarsu da ke aure a wani gari ta haihu. Ta bugo waya tana murna, ta ce da ta ji ƙarfi za ta kawo wa kakarsa jaririn ta gani. Tela ya faɗa wa matarsa yana tsammanin zai ga murmushi. Sai ta tambaye shi ko har yanzu a tsallake motar haya ke sauke mutane. Ya ce a can ne.

"Baban yara, kira ta ka ce kada ta zo."

Ya ce zai je ya tare su, shi zai riƙe jaririn da hannunsa.

"Ni ma ai na duba hagu na duba dama," ta ce, ta juyar da fuska bango.

Ya fita tsakar gida ya kira 'yar. Ta yi ta tambayar ko wani laifi ta yi, yana ce mata babu. Ta bayanta yana jin kukan jaririn. Ya ce ta bari tukuna, sai an ga yadda hali ya yi.